Gona, Hanya da Ruwa: Kalmomin Shari'ar Ƙasa a Hausa

An shirya wannan takarda ne domin ɗaliban da suka riga suka yi darasin mallaka da na azuzuwan aikatau, suna kuma shirin shiga darasin fassara. Da yawa daga cikinku za su sami kansu wata rana suna tafinta a gaban alƙali, ko suna juya takardar cinikin gona daga Hausa zuwa Faransanci ko Ingilishi. A irin wannan aiki kalma ɗaya tana iya raba mutum da gonar ubansa, don haka ya kamata a san nauyin kowace kalma tun a aji.

A ƙasar Hausa fili ɗaya yakan ɗauki haƙƙin mutane da yawa a lokaci guda. Akwai mai shi, akwai mai noma shi, akwai mai ratsa shi da ƙafa ko da garke, akwai kuma wanda ruwan da ke bi ta cikinsa yake isa wurinsa. Takardar hukuma kuwa galibi sunan mutum ɗaya take ɗauka. Daga wannan giɓi ne yawancin ƙararrakin gona da hanya da ruwa suke tasowa.

1. Gonar wa?

Mu fara da jimla mafi sauƙi:

(1) Gonar Audu ce.

Ɗafin mallaka -r da ke jikin "gona" bai gaya mana komai ba game da yadda gonar ta zo hannun Audu. Mai yiwuwa ya gada, ko ya saya, ko ya sari daji da kansa. Mai yiwuwa kuma aro ce, ko haya, ko jingina, ko gayauna da ubansa ya yanka masa daga gandu. A duk waɗannan halaye mutanen gari za su ce "gonar Audu", kuma ba su yi ƙarya ba. Saboda haka idan shaida ya furta jimla ta (1) a kotu, tafinta bai kamata ya juya ta da kalmar da ke nufin cikakkiyar mallaka ba, sai an sake tambayar shaidan: ta yaya ta zama tasa?

Aikatau "ba" ya fi wannan haɗari. A dubi waɗannan:

(2) a. Na ba shi gonar.
b. Na ba shi gonar ya noma.
c. Na bar masa gonar.
d. Na ba shi gonar kyauta, halak malak.

Jimla ta (2d) kaɗai ce ba ta da ƙura. Ta (2b) aro ce, domin an faɗi abin da aka bayar dominsa. Ta (2c) ta fi karkata ga kyauta, amma ana faɗinta ga wanda ya tafi ci-rani ya bar wa ƙanensa riƙo. Ta (2a) kuwa kowa na iya jan ta zuwa ɓangarensa, kuma ita ce aka fi ji a bakin jikoki bayan masu maganar sun rasu.

Aro shi ne uwar rigingimun gona. A zamanin da daji ke da yawa, mutane kaɗan, baƙo yakan sauka a gari, a ba shi saura ya gyara ya noma, ba a yanka masa wa'adi ba. Sharuɗɗan sanannu ne ko da ba a faɗa ba: ba ya dasa itace, ba ya gina rijiya, ba ya sayarwa. Bayan girbi yakan kai wa mai gona dami ɗaya ko biyu, abin da wasu wurare ke kira galla. Wannan dami bai kai kuɗin haya ba, kuma ba don ƙoshi ake karɓarsa ba. Amfaninsa shi ne kowace kaka jama'a su ga an ɗauki hatsi daga wannan gona an kai wancan gida, wato shaida ce da ake sabuntawa shekara-shekara. Ranar da aka daina kai dami, ko don zumunci ya yi ƙarfi har an ji kunyar karɓa, ko don fari, ranar ce aka shuka shari'ar da jikoki za su girba. Ga misalin da aka tsara domin darasi:

(3) Mai ƙara: Ranka ya daɗe, kakana ne ya ba kakansa aro. Duk dattawan garin nan sun sani.
Wanda ake ƙara: Allah ya ba ka nasara, ni dai a cikinta na buɗe ido. Ubana ya noma, ya rasu, na gada. Ban taɓa ganin an kai dami gidansu ba.
Maigari: To, Malam, kai ne maƙwabcin iyaka. Me ka tarar?

A lura cewa maganganun biyu na iya zama gaskiya gaba ɗaya. Mutum yana iya gadon abin da ubansa ya ara.

Shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna bi, tana da ƙa'ida a kan wannan, ita ce hauzi. Idan wani ya riƙe fili shekara 10 yana aiki da shi kamar nasa, mai da'awa yana nan a gari, yana gani, babu abin da ya hana shi magana, ya yi shiru, to ba a sauraren ƙararsa bayan nan. Tsakanin dangi ana tsawaita wa'adin zuwa shekara 40, domin an san ɗan'uwa yakan kau da kai ga ɗan'uwansa. Amma hauzi ba ya aiki idan aka tabbatar asalin riƙon aro ne ko haya ko jingina, komai daɗewarsa. Shi ya sa a misali na (3) duk shari'ar ta rataya a kan kalma ɗaya, "aro". Jingina ita ma haka take: gona tana hannun mai kuɗi, yana cin amfaninta, har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa, ko da bayan shekara 30 ne. Malamai da yawa suna ƙyamar cin amfanin gonar jingina, amma al'adar ba ta mutu ba.

Wanda yake son ganin yadda malaman jihadi suka tsara wannan fanni sai ya nemi littafin Abdullahi ɗan Fodiyo mai suna Ta'alimur Radi, wanda ya yi a kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da ƙasar da ba ta da mai ita.

2. Shigowar takarda

A Arewacin Nijeriya, dokar Turawa ta 1910 ta sanya dukkan ƙasa a ƙarƙashin ikon Gwamna, ya riƙe ta domin amfanin ƴan ƙasa. Dokar Jihar Arewa ta 1962 ta bi sawunta, sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shimfiɗa tsarin a kan Nijeriya duka: ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamnanta. Abin da mutum yake da shi haƙƙin zama ne da amfani. Gwamna ke bayar da takardar shaida, galibi ta shekara 99, ƙaramar hukuma kuma tana iya bayar da haƙƙi na gargajiya a karkara, har hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo. Idan hukuma ta karɓi fili domin aikin jama'a, diyyar da take biya ta gini ce da shuka da sauran wahalar da aka zuba, ba ta ƙasar kanta ba. A baki ana kiran wannan takarda "takardar mallaka", amma sunan ya fi abin girma. A wata shari'a ta 1990 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta bayyana cewa takardar ba ta haifar da haƙƙi inda babu shi tun farko: idan wani ya tabbatar da haƙƙin da ya riga ta, takardar ta faɗi. A Kano ana bambanta "awon gwamnati" da "awon igiya", wato filin da hukuma ta yanka da wanda mai gona da dillalai suka yanka da kansu. Za mu sake haɗuwa da awon igiya idan mun zo maganar hanya.

Nijar ta bi wata turba. A watan Disamba na 1974 Shugaba Seyni Kunce ya yi shelar cewa gona ta mai noma ta ce, ko ta wace hanya ta zo hannunsa. Masu aro da yawa suka daina kai dami, masu gona kuma suka shiga karɓe gonakinsu tun kafin su kuɓuce, wasu suka daina bayar da aro sam. Ba a mai da shelar rubutacciyar doka ba, don haka bayan rasuwarsa a 1987 tsofaffin ƙararraki suka farfaɗo. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta zo da ƙa'ida mai muhimmanci: haƙƙin da ya samo asali daga al'ada da wanda ya samo asali daga rubutacciyar doka kariyarsu ɗaya. Ta kuma kafa hukumomin filaye, waɗanda ake kira Kofo, da daga baya suka sauka har matakin ƙauye, inda maigari ke shugabanta. A ganina abin da ya fi kyau a wannan tsari shi ne bai tsaya ga takarda iri ɗaya ba. Akwai ta riƙon gargajiya, da ta saye, da ta kyauta, da ta aro, da ta haya, da ta jingina. Wato an ɗauki rabe-raben da harshe ya riga ya yi an ba kowane takardarsa. Matsalarsa ita ce ƙauyuka da yawa ba su da hukumar da ke aiki sosai, kuma mutum yana jin nauyin ya ce wa surukinsa ya zo su rubuta aro.

A Nijar rigimar gona takan fara ne a gaban sarakunan gargajiya domin sulhu, a rubuta sakamakon, sai in ya gagara a wuce wurin alƙali, wanda ke zama da masana al'ada. A nan ma mai fassara ya yi hattara: a Kano hakimi shugaban gunduma ne, dagatai na ƙarƙashinsa, amma a wurare da yawa a Nijar shugaban ƙauye ake kira hakimi.

3. Hanya

Hausa tana da hanya, da turba, da gwadabe, da titi, da lungu, da burtali ko labi. Bambancinsu a shari'a ba faɗi ba ne kawai, wanda yake da haƙƙin bi ne. Turbar da ta ratsa gonar wani zuwa rijiya ko zuwa gonar da ke bayanta haƙƙi ne da ke kan ƙasar wani: ƙasar tasa ce, amma ba ya iya toshewa. Dokokin Turai suna da kalma guda ta musamman ga irin wannan haƙƙi. Hausa takan ce "haƙƙin wucewa", ko a ce kawai "hanya ce tun kaka da kakanni". Ya zo a hadisi cewa idan aka yi saɓani a kan faɗin hanya a sanya ta kamu bakwai, wato wajen mita uku da rabi, abin da zai ishi raƙumi da kayansa. Malaman Malikiyya kuma sun ce hauzi ba ya cin hanyar jama'a: ko mutum ya shekara 50 da shigar da ita cikin gidansa, ana rushewa.

A nan aikatau "ci" yake aiki sosai:

(4) a. Ya ci iyaka.
b. Ginin ya ci hanya.
c. Gonaki sun ci burtali.
d. Ruwa ya ci gonar.

Ma'anar a (4a–c) ita ce shiga haƙƙin wani kaɗan-kaɗan. Manomi ba ya tare burtali rana ɗaya. Bana ya ƙara kunya ɗaya, baɗi ya ƙara biyu, maƙwabcinsa na ɗaya gefen shi ma haka, har hanyar da garke ke bi a sake ta koma wadda sa biyu ba sa jerawa. Daga nan dabba ta sa baki a gero, a ce ɓarna. Dalilin da ya sa ake dasa gamba ko bini-da-zugu a kan iyaka ke nan, domin kunya tana tafiya, saiwa ba ta tafiya. A birni kuwa awon igiya ne ke haifar da irin wannan: mai yanka filaye yana son ya sami fuloti da yawa, sai ya matse lungu, wani lokaci ya sayar da fili a tsakiya ba tare da mafita ba. Wanda ya saya yana da takardar ciniki da shaidu, amma ba ya iya kai buhun siminti ƙofarsa sai ta filin wani.

Rigimar burtali ba ƙaramar magana ba ce. A watan Oktoba na 1991, a Toda cikin jihar Maraɗi, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, akasarinsu mata da yara Fulani. Tun 1961 Nijar tana da dokar da ta shata iyakar noma ta arewa domin a bar wa kiwo abin da ke bayanta, amma gonaki sun daɗe da ƙetare ta. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, ta kuma sanya burtali cikin dukiyar jama'a da ba a mallaka wa kowa. Hukuma ce kuma ke sanya ranar sakin gonaki bayan girbi, wadda daga ita dabba na iya shiga ta ci kara. Ka ga gona ɗaya, da damina ta manomi ce shi kaɗai, da rani kuma makiyayi yana da rabo a cikinta. Jihar Arewa a Nijeriya ta yi dokar makiyaya a 1965, amma kaɗan ne daga wuraren aka kammala yi wa rajista, kuma a 2021 gardamar farfaɗo da burtali ta sake tashi bayan gwamnonin kudu sun yanke shawarar hana kiwon sake.

4. Ruwa

Rigimar ruwa iri biyu ce, kuma azuzuwan aikatau sun raba su sarai. Ko dai an hana ka ruwan da kake buƙata, ko an turo maka wanda ba ka so. A dubi saiwar karkat-:

(5) a. Ruwa ya karkata.
b. Ya karkatar da ruwa.
c. Ya karkato mana da ruwa.

A (5a), aji na 3, babu wanda ake tuhuma: ƙorama ce ta sauya hanya da kanta. A (5b), aji na 5, akwai mai aikatawa, kuma ruwan ya yi nesa da mai magana, kukan mai lambun da ke ƙasa ke nan. A (5c), aji na 6, ruwan ya nufo mai magana, kukan wanda katangarsa ta jiƙa ke nan. Haka "saki" da "sako": ma'aikacin madatsa zai ce "mun saki ruwa", mutanen da ke ƙasa su ce "an sako ruwa". Tafintan da ya juya (5a) kamar (5b) ya ɗora wa mutum laifin da shaida bai ɗora masa ba.

Irin (5c) ta fi yawa a cikin gari. Indararon wani yana zuba a tsakar gidan wani, ko an toshe rariyar da ruwan gidaje uku ke fita ta cikinta, ko an cike kududdufi an yi gini, ruwan da ya saba kwanciya a can ya nemi ɗakunan mutane. Ƙa'idar da ake bi ita ce a kawar da cutar da aka ƙirƙiro, a bar magudanar da aka tarar. Saboda haka tambayar farko da mai unguwa ke yi ita ce: wanne ya riga, ginin ko magudanar?

Irin (5b) ta fadama ce da lambu. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo hukunci a kan wasu ƙoramu biyu na Madina: na sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya sakar wa na ƙasa. Ta kuma kawo labarin Dahhaku ɗan Halifa, wanda ya so ya ratsa da magudanarsa ta cikin gonar Muhammadu ɗan Maslama, shi kuma ya ƙi. Halifa Umar ya tilasta a ratsa, tunda mai gonar zai amfana kuma ba zai cutu ba. Malaman mazhabar sun yi saɓani a kan ko kowane alƙali yana da ikon yin irin wannan tilas, amma labarin ya nuna cewa hanyar ruwa a ƙasar wani tsohuwar mas'ala ce.

Madatsun zamani sun ɗauki wannan rigima daga tsakanin maƙwabta biyu sun kai ta tsakanin jihohi da ƙasashe. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, dukkansu a jihar Kano, a kan kogunan da ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Ambaliyar da manoman shinkafa da masunta da makiyaya na fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara da ita ta ragu, ruwan da ke isa Komadugu Yobe, wadda ta zama iyakar Nijeriya da Nijar a yankin Diffa, shi ma ya ragu. Sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara kuma ya ba ciyawar kacalla dama ta toshe magudanai, har ruwa ya riƙa malala inda ba a son sa yana barin inda ake jiransa. A nan (5a) da (5b) sun cuɗe: ruwan ya karkata da kansa, amma da hannun mutum a sama.

Gulbin Maraɗi ya fi ban sha'awa. Daga jihar Katsina yake tasowa, inda aka datse shi a Jibiya, ya shiga Nijar ta wajen Madarunfa, ya wuce Maraɗi, sannan ya sake komawa Nijeriya ya faɗa gulbin Rima. Ke nan kowace ƙasa a cikin biyun ta sama ce kuma ta ƙasa ce a kan ruwa ɗaya. A ranar 18 ga Yuli 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwa bisa adalci a kwaruruka huɗu da suka haɗa su: Maggiya da Lamiɗo, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, da kuma ƙarshen Komadugu Yobe.

Saura tambaya ɗaya: idan ruwa ne iyaka, kuma ruwan ya sauya hanya, iyakar ta bi shi ko ta tsaya? Manoman bakin gulbi sun san wannan, domin kowace damina ruwa yana cin gaɓar wani ya ƙara wa wani. Nijar da Benin sun kai irin wannan ƙara gaban Kotun Duniya a kan kogin Kwara da tsibirin Lete, kusa da Gaya. A hukuncin 12 ga Yuli 2005 kotun ta ce iyaka ita ce babbar hanyar jirage, wato layin da ya fi zurfi a kogin, kamar yadda yake a lokacin samun ƴancin kai a 1960. Bisa wannan ma'auni aka raba tsibirai 25, Nijar ta sami 16 har da Lete, Benin ta sami 9.